Ɗakin Barcin da Aka Gina Mani

Tun ranar da magina suka fara jibge bulo a kusurwar gidanmu ta gabas hankalina ya ƙi kwanciya. Na kira ɗan farina, wanda bakina ba ya faɗin sunansa, na ce, "Kai, baƙo za mu yi?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, naki ne. Ɗakin barci. Lokotoro ya ce ki riƙa samun barci mai kyau, ke kaɗai, ba hayaniya." Ɗakin barci! Yo sauran ɗakunan na rawa ne? Na ce to, madalla, Allah shi yi albarka, amma a cikina na ce akwai magana. Ba a daɗe ba da ya kai ni Maraɗi awon tansiyo, wato hawan jini, kuma da idona na ga lokotoron ya ja shi gefe, sun yi ta faransanci ƙasa-ƙasa, suna waiwayena suna murmushi. In alheri ne, mi ya hana a faɗe shi da Hausa a gabana? Ni tsohuwa ce, ba kurma ba ce.

Da aka gama ginin aka kai ni in gani. Gaskiya ɗaki ya yi kyau, wannan ba na musu. An yi mashi rufi biyu don kada zafin kwano ya sauko, ga tagogi suna kallon juna iska na ratsawa, an sa masu raga saboda sauro. Ga labule mai kauri, wai duhu ne ke kawo barci. Ga bantilatar mai kaɗa iska can sama, wadda hasken rana ke juyawa, ga katifa da sai ka yi yunƙuri kafin ka hau, ga matasan kai an jera, wai a ɗaga mani kai. Surukata, yarinya mai ladabi wadda ta yi lakwal, wato karatun boko, ta durƙusa tana lissafa mani dokoki: ba rediyo a ciki, ba salula, ba shayi bayan la'asar, goro ma sai da safe. Duk na ce na ji. Sannan ta sadda kai ta ce, "Kuma Inna, takwararki za ta koma wajena da kwana." Nan fa na tsorata. Jikar nan, wadda aka sa wa sunana, tun da aka yaye ta a bayana take kwana, ƙafarta a kan cikina, kanta a hammatata. Yanzu har ta kai aji na sama a lakwal ba mu taɓa raba shimfiɗa ba. Ita za a cire mani, wai don in ji daɗin barci.

Su yaran yanzu ba su san abin da ya sa na tsorata ba, don ba su ga abin da na gani ba. A ƙauyenmu, can wajen Kornaka, ban taɓa jin an ce ga ɗakin barci ba. Ɗaki ɗaki ne. Kakata ta wajen uba tana da kago na ƙasa da jinka, ƙofarsa sai ka duƙa. A ciki muke zubewa: ita bisa gadon kara, ni a bayanta, ɗiyan Gwaggo a tabarma, kaza mai kwanci a ƙarƙashin gado. In akuya ta haihu cikin ɗari, ɗan ma da mu yake kwana, yana tsotsar bakin zanen wanda ya samu. Ga randa a gefe, ga ƙoren nono a ragaya, ga damin kabar da Kaka ke saƙa. In lokotoron Maraɗi ya leƙa wannan ɗaki sai ya riƙe baki. Amma barcin da muka yi a ciki, wallahi ban sake yin irinsa ba, har sai an zuba maka ruwa kake tashi.

Kuma kada a ce ba mu san gyaran wurin kwana ba. Mun sani, namu ne dai ya sha bamban. Aikina ne ɗebo rairayi daga tudun bayan gari, in tankaɗe shi in fitar da ƙaya da kashin awaki, in baza a ɗaki. Kullum kafin magariba sai na share shi sumul, ina ja da baya har bakin ƙofa. Da safe ba mai sauke ƙafa sai Kaka ta sunkuya ta duba ƙasa, ta ce, "Kunama ta bi ta nan, ta shige bayan randa," ko ta ce, "Wata ta tashi ta sha mani nono, ga sawunta, ƙafa kamar faifai." Ba abin da ke wuce ta. Da bazara a yayyafa ruwa a tsakar gida bayan rana ta faɗi, ƙamshin ƙasa ya tashi, a fito da tabarmi waje. Da damina a turara ɗaki da ɗoɗɗoya da busasshen kashin shanu, mu yi ta hawaye, sauro ya yi ta kansa. Da ɗari kuwa kaskon garwashi a tura ƙarƙashin gado, a toshe ƙofa da tufaniya. Kuma ba mai hawa shimfiɗa sai ya wanke ƙafa. Kaka kan ce, "Kada ku kawo mani yawon yini bisa gado, can kuka samo shi, can za ku bar shi."

Yanzu an ce shiru ne ke kawo barci. Mu da ƙara muka saba. Jaki ya yi kuka a bayan danga, Fulani da Buzaye na can bakin rijiya suna shayar da bisashe, kana jin igiyar guga tana kuka, wata mai makara tana daka a nesa, ɗiyar Gwaggo na cizon haƙora, kaza na gyara zama. Duk waɗannan su ke shaida maka duniya na nan lafiya, sai ka saki jiki. In shiru ya yi yawa ma Kaka farkawa take yi, ta miƙa hannu ta laluba kawunanmu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya kwana shi kaɗai kuwa, a wajenmu abin tausayi ne. Sai wanda ba shi da kowa, ko wanda aka fitar da rai da shi.

Shekarar da na fara ɗaura zane a ƙirji Kaka ta kamu da tari. Ya fara cikin ɗari, aka ce sanyi ne. Aka jiƙa saiwoyi, aka sha rubutu, bazara ta shigo ta fita, tari yana nan. Sai Baba da Gwaggo suka ɗora ta a amalanke suka kawo ta likita, wato asibiti, nan Dakoro, garin da a lokacin nake gani kamar ƙarshen duniya, ga shi yau cikinsa na tsufa. Da suka komo Baba ya tsaya tsakar gida ya ce, da murya sama don kowa ya ji, "Ba komai ba ne. An ce barci ne ba ta samu, hutu take so." Kowa ya ce alhamdulillahi. Washegari sai ga maza sun taru da kara da igiya, suna kafa sabon ɗaki can ƙarshen gida, kusa da rumbuna. Ni aka aika ɗebo rairayi, aka ce in zaɓo mafi laushi. Na yi ta rawar kai, na tankaɗe shi har ya yi kamar gari. Aka sa sabon gadon kara, sabuwar tabarma, sabuwar ƙwarya, har da ludayi na daban da Gwaggo ta yi wa shaida da wuta a mariƙi. Ina ta murna kakata ta samu ɗakin da ya fi na kowa.

Kaka ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo. Ta dubi rairayin, ta dubi ludayin, ta juyo ta dubi Baba.

Ta ce, "Wa ya ce maku ba ni barci?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, yaran ga na damunki."

"Ni na kawo maka ƙara?"

Baba ya kau da ido. Gwaggo ta shiga gyara tabarmar da ba abin da ya same ta. Sai Kaka ta kamo hannuna ta ja ni jikinta, ta ce, "Ke, mi kika ji suna faɗi?" Na ce ban ji komai ba, kuma gaskiyata ke nan. Ta sake ni ta duƙa ta shiga. Daga ranar aka hana mu ƙetare bakin ƙofar. Ni ke kai mata fura, in aje a waje in ja da baya. Ta kan leƙo ta ce, "Ɗakin ga ya yi kyau ƙwarai. Kyawon ne ma ban yarda da shi ba." Wata rana ta ce in shigo in share mata rairayi, na sa ƙafa ke nan Gwaggo ta daka mani tsawa daga bakin murhu, tsawar da ba ta taɓa yi mani ba. Kaka ta yi murmushi ta ce, "Koma, ɗiyata. Ba wani sawu da zan duba, nawa ne kaɗai."

Ba ta ga girbi ba. Hatsi ya fitar da kai, ana koran tsuntsaye, ta cika. Bayan an kai ta aka cinna wa ɗakin wuta, da gadon da tabarmar da ƙwaryar duka. Ina tsaye ina kallon hayaƙi na fara gane cewa ba don barci aka gina shi ba. Sai da na yi aure na haihu Gwaggo ta faɗa mani sunan ciwon, tarin fuka ne, kuma tun a likita aka ce a raba ta da yara. Manya duk sun sani, ita ce kaɗai ba a gaya wa ba. Ban ce sun yi mugunta ba. Tausayi ne, haka ake yi a wajenmu, ba a kallon idon mutum a faɗa mashi ciwon ajalinsa. Amma ni dai tun daga nan, in na ga an fara lallaɓa mutum ana gyara mashi ɗaki, ana kwashe yara daga jikinsa, ba na tambayar kyan ɗakin, tambaya nake mi aka ji.

To ga shi yau an zo kaina. Na ƙi tarewa. Na ce warin siminti na hawa mani kai, aka jira ya bushe. Na ce katifar ta yi tsawo, aka sauke ta ƙasa. Na ce bantilatar za ta faɗo mani, ɗana ya kama ta ya yi lilo a gabana don in ga ƙarfinta, ƙato da shi da furfura a gemu. Ni kuwa na zuba ido na kasa kunne. Na riƙa duba ko an ware mani kwano, ba a ware ba. Na yi tarin ƙarya a gaban surukata in ga ko za ta janye jaririnta, sai ma ta miƙo mani shi ta tafi ɗebo ruwa. Na ce lallai yarinyar nan ta iya ɓoye ciki. Ɗiyata da ke aure a Bader Goula ta zo ba biki ba suna, ta kawo mani man shanu, ta zauna tana matsa mani ƙafa. Na ce, "Wa ya kira ki?" Ta ce, "Haba Inna, sai an kira ni zan zo ganin uwata?" Na ce oho, na dai ji. Ko liman ya tsaya ya gaishe ni da kyau sai in ce shi ma an gaya mashi.

Har na tare ɗana bayan sallar azahar na ce, "Ka dube ni. Mi lokotoro ya ce maka da faransanci?" Ya ce, "Inna, wallahi tansiyo ne kawai, sai nauyin numfashi in kin kwanta. Ya ce a ɗaga maki kai, ki riƙa kwanciya ta gefe, ɗaki ya samu iska." Na ce, "To mi ya haɗa wannan da takwarata?" Sai ya kau da ido ya ce, "Yarinya ta girma, Inna." Kau da idon nan na gane shi sarai, irin na Baba ne. Na koma ɗaki. Ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba, wadda ta kai shekaruna ta san tana hanya. Abin da ke cina shi ne a raba ni da yarinyar nan da ƙarya, in ƙare kwanana ina leƙenta daga bakin ƙofa.

Ran nan da la'asar ta dawo daga lakwal na ce ta zo in tsefe mata kai. Ta zauna tsakanin ƙafafuna a inuwar iccen bedi. Ban kai rabin kai ba na ji ta yi nauyi, ashe barci ya kwashe ta, baki buɗe. Dama na ji uwarta na faɗin mushensu, malamin ajinsu, ya aiko cewa tana gyangyaɗi a aji, ni kuwa na ɗora laifin a kan salular ubanta da take latsawa. Na girgiza ta na ce, "Ke takwara, tashi, raguwar banza, mijin da zai kwashe ki ya shiga uku." Ta buɗe ido tana murmushi. Na duba hagu da dama ba kowa, na rage murya.

"Ni da ke ba ɓoyo. Mi kika ji suna faɗi a kaina?"

Ta sunkuyar da kai, na ƙara matsa mata.

"In mutuwa zan yi ki gaya mani, in san abin da zan bar maki. Wane ne ya ce a fitar da ke daga ɗakina, ubanki ko uwarki?"

Sai na ga kafaɗunta na rawa. Ta juyo, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Kaka, ni ce."

Na ce, "Ke ce mi?"

"Ni na gaya wa Mama. Kaka, in kina barci numfashinki tsayawa yake yi. Kina minshari, kina minshari, sai ki yi ɗif. In jira, in jira, ba ki ja ba. Sai na taɓa ki da ƙafa sannan ki ja da ƙarfi. Ina tsoron in na yi barci ba mai taɓa ki."

Ni 'yasu! Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bara. Ban so faɗi ba, don kada ki ce na gaji da ke. Mushe ne ya kira Mama, ta matsa mani. Baba ya ce kada a gaya maki, za ki ji ba daɗi."

Na sauke matsefin. Ƙafar nan da nake ji a cikina kullum, ina yi mata tsiya da safe ina cewa ta cika shure-shure kamar jaki, ashe gadina take yi. Na zargi lokotoro, na zargi ɗana, na zargi surukata da ɗiyata har da liman, ban taɓa duban idon yarinyar nan na ga yadda ya faɗa ba. Na ji kunya, na ji tausayi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tsoro, don yanzu na san abin da ke faruwa da ni in na rufe ido. Na share mata fuska da bakin zanena na ce, "To ya isa. Juya in ƙarasa, kai kamar sheƙar angulu." Ta yi dariya cikin kuka.

Ranar kafin magariba na kira surukata na ce a kwashe mani kayana a kai sabon ɗaki. Ta tsaya tana kallona. Na ce, "Ko kun fasa ba ni ne?" Ɗana ya ce zai riƙa leƙowa, zai kuma bar tagarsa a buɗe. Na ce ya yi yadda ya ga dama. Na hau katifa, aka jera mani matasai, aka ja labule, aka ja ƙofa. Iska na shiga ta nan tana fita ta can, ba sauro, ba zafi, ba motsin kowa. Duk abin da lokotoro ya ce an yi. Ni dai ban runtsa ba sai gab da kiran assalatu, bayana sanyi ƙalau, ina sauraron numfashina da kaina.

Da hantsi ina zaune bakin ƙofa da tasbaha na ji surukata tana ta kwala wa yarinyar kira, lokacin lakwal na wucewa, ita kuwa ko motsi. Na ɗaga murya na ce, "Ƙyale ta, yau ɗaya mushe ya yi haƙuri." Sai da rana ta take sannan ta fito, fuska a kumbure, shaidar tabarma a kumatu. Ko wanke ido ba ta yi ba ta sheƙo wajena da gudu, ta tsaya tana ƙare mani kallo.

"Kaka, kin kwana lafiya?"

"Lafiya lau."

"Numfashin fa? Wa ya taɓa ki?"

Na dube ta cikin ido, ban kau da kai ba. Na ce, "Ba wanda ya taɓa ni, don bai tsaya ba ko sau ɗaya. Matasan nan magani ne, lokotoro ya san aikinsa. Na yi barcin da rabona da shi tun ina kamarki."

Ta ce, "Da gaske?"

Na ce, "Na taɓa yi maki ƙarya? Je ki wanke fuska, ki karya."

Ta tafi tana tsalle.